Kogin Kaduna Da 'Yan'uwansa Biyu: Ruwan Da Ke Gangarowa Daga Ƙasar Kafancan

Duk matafiyin da ya taso daga Jos cikin watan Agusta ya bi ta Mancok da Kagoro zuwa Kafancan, zai lura ƙasa ta sake kama tun bai gama gangarowa daga kan tudu ba. A bisa tudun Jos fili ne fetal, ciyawa gajera, itatuwa jefi-jefi. Da an sauko kuwa sai duhuwa, ga kwakwar manja, ga gora, ga tukurwa a bakin kowane rafi, hazo kuma ya lulluɓe kawunan duwatsu har hantsi. Ba a yin tafiya mai nisa ba a hau gada ko kwalbati ba, kuma ƙarƙashin kowace akwai ruwa yana gudu.

Abin da matafiyin ba zai gani da idonsa ba shi ne, waɗannan rafuka ba wuri guda suka nufa ba. Ƙasar da ke tsakanin Mancok da Zonkwa da Kwai da Kafancan kamar rufin ɗaki take mai fuska uku. Ruwan da ya zuba a fuskar arewa Kogin Kaduna yake shiga. Wanda ya zuba a fuskar yamma ya tafi Gurara. Na fuskar kudu kuwa sai ya bi Kogum ya shiga Mada, Mada ta kai shi Binuwai. Hadari guda ne zai zubar da su a yini guda, amma ba za su sake gamuwa ba sai a Lakwaja, bayan kowanne ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. A kan hanyar nan tasu ne ake samun wutar lantarkin Shiroro da ta Zungeru, da ruwan famfon Kaduna da na Abuja da na Keffi, da shinkafar ƙasar Nufe. Saboda haka abin da ya sami wannan rufi ba Bajju da Atyap da Ham da mutanen Jama'a kaɗai ya shafa ba.

Dalilin yawan ruwan

Iskar damina daga kudu maso yamma take tasowa, ɗauke da laimar teku. Tana ratsa kwarin Kwara da na Binuwai ba abin da ya tare ta, sai ta zo ta yi karo da bangon tudun Jos, wanda duwatsun Kagoro ke tsaye a gefensa na yamma, tsawonsu ya wuce mita 1,200 daga fuskar teku. Dole iskar ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke kayanta. Wannan ya sa ruwan da ake samu a Kafancan da Kagoro yakan wuce milimita 1,500 a shekara, alhali Zariya kimanin 1,000 take samu, Katsina kuwa sau da yawa ba ta samun ko rabin na Kafancan. Damina takan faɗi cikin Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba.

Sai dai yawan ruwan sama kaɗai ba ya sa rafi ya rayu da rani. Ƙarƙashin ƙasar nan dutse ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa sai ta inda ya tsage, ko inda samansa ya ruɓe ya zama ƙasa. Watau rumbun ruwan ba shi da zurfi. Abin da ke riƙe shi shi ne itatuwa da ganyen da suke zubarwa, su ne ke rage wa ruwa gudu har ya sami damar nutsewa, sa'an nan ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa daga Nuwamba har zuwa Maris. Irin wannan duhuwa ta bakin rafi ita Hausawa ke kira kurmi, kuma sunayen garuruwa sun isa shaida a kan yawanta a da: Kurmin Musa, Kurmin Jibrin, Kurmin Biri, Kurmin Masara, har da Kurmin Mashi da ke cikin garin Kaduna kansa. Wanda ya je waɗansu daga cikin garuruwan nan yau zai tarar da suna ya fi kurmin yawa. Daga cikin manyan da suka rage akwai dajin Nindam kusa da Kagoro, inda masana tsuntsaye suka tarar da ire-iren da aka saba gani a dazuzzukan kudancin Nijeriya kawai.

Fuskar kudu

Na kusa da Kafancan shi ne ruwan Matsirga, a gefen Madakiya, 'yan kilomitoci kaɗan daga gari. Daga idanun ruwa na duwatsun Kagoro yake fitowa, ya ratsa gonaki, sa'an nan ya faɗo daga kan fa mai tsawon kimanin mita 30 cikin kwazazzabo. Mutanen gari sun fi sanin rafin da sunan Turanci, watau Wonderful. Da damina ana jin rugugin ruwan tun daga nesa, feshinsa kuma yana tashi kamar hayaƙi. Da rani yakan tsuke ya zama 'yan igiyoyi a jikin dutse, kuma a lokacin ne ake gane ko rumbun da ke bisa ya cika ko bai cika ba.

Rafukan kudancin ƙasar Jama'a, ta wajen Jagindi da Godogodo, su ne ke taruwa a Kogum. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun san sunan nan sarai, domin akwai tasha mai wannan suna a kan hanyar da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Inugu da Makurɗi da Lafiya. Hanyar ta iso wannan yanki a tsakiyar shekarun 1920, aka haɗa ta da ta Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927. Wannan mahaɗa ce ta mai da Kafancan gari. Kafin nan fadar Sarkin Jama'a ba a nan take ba, sai a 1933 aka dawo da ita. Injiniyoyin da suka shata hanyar gangaren ƙasa suka bi, jirgi ya hauro daga kwarin Binuwai ya tsaya a Kafancan ya sha ruwa, sa'an nan ya bi ta Zonkwa ya gangara ƙasar da ruwanta ke zuwa Kogin Kaduna. Fasinjan da ke barci a cikin taragu bai san ya ƙetare iyakar koguna biyu ba.

Kogum na shiga Mada, Mada kuma ta ratsa Jihar Nasarawa ta faɗa Binuwai yamma da Makurɗi. Daga cikinta ake jan ruwan da ake tacewa domin Akwanga da Keffi da garuruwan da ke tsakaninsu.

Babban wa

Kogin Kaduna shi ne babba a cikin ukun. Mafarinsa a kan tudun Jos yake, kusa da Vom, kimanin kilomita 29 kudu maso yamma da garin Jos. Daga nan ya gangaro yamma ya shiga ƙasar Katab, inda rafukan arewacin wannan rufi ke ƙara masa ƙarfi, ya nufi arewa maso yamma ta ƙasar Kauru. Wanda ya dubi taswira zai ga abin mamaki, kogin da makomarsa kudu ce ya ba kudu baya, sai ka ce Zariya za shi. Sai da ya kai kimanin kilomita 35 arewa maso gabas da garin Kaduna sa'an nan ya yi kwana, ya juyo kudu maso yamma. Tsawonsa duka, daga mafari zuwa inda ya shiga Kwara, kilomita 550 ne, watau mil 340.

A wannan sashe na bisa ne manyan rassansa na farko ke riskarsa. Akwai Karami mai biyowa ta ƙasar Saminaka. Akwai Galma, wadda ta fi su suna, mai ratsa ƙasar Kubau da Soba ta wuce ta gefen Zariya, inda Kubanni ke shiga cikinta. Zazzagawa da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ruwan waɗannan biyun suke sha, domin an datse Galma cikin shekarun 1970 saboda birni, an kuma datse Kubanni saboda jami'a. A cikin shekarun nan ne kuma aka yi madatsar Kangimi a kan wani reshe na kogin, don a riƙa sako ruwa da rani saboda famfon garin Kaduna.

Sunan kogin, in ji mafi yawan mutane, daga kada ya samo asali, watau jam'inta, kaduna, saboda yawansu a cikinsa a da. Gwarawa, waɗanda suka riga kowa zama a bakinsa a wannan wuri, suna da tasu fassarar daga harshensu. Ko wacce ce gaskiya, kogin ne ya ba garin suna, shi ne kuma dalilin kafa garin. Gwamna Lugga ya fara zama a Zungeru ne a 1902, ita ma a bakin wannan kogi take. A wancan zamani ƙananan jiragen ruwa kan hauro daga Kwara in ruwa ya cika, su sauke kaya a Barijuko, daga nan a ɗora su a wata 'yar hanyar jirgin ƙasa zuwa Zungeru, wadda ita ce ta farko a Arewa. A Zungeru aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904. Amma wurin ya yi wa Turawa zafi da sauro, da hanyar jirgi ta Kano ta ƙetare kogin a can bisa, sai suka ga wuri mai iska, mai ruwan da ba ya ƙafewa, kuma ba garin wani babban sarki ba ne. A 1917 aka mai da hedkwatar Arewa Kaduna. Har 'yar gadar ƙafa ta ƙarfe da Lugga ya kafa a Zungeru daga baya an ciro ta an kawo Kaduna, aka kafa ta a lambun da ke bakin kogi.

Garin ya ci amfanin kogin, amma bai saka masa da alheri ba. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, ruwan rini da dattin masana'antu ta rafin Makera suke bi su shiga kogi. Matatar mai da aka buɗe a 1980 a bakin rafin Romi take, shi ma can yake zuwa. Yawancin masaƙun sun rufe, amma shara da ruwan kwatami na gari mai mutane fiye da miliyan ba su rufe ba. Sa'an nan jama'a sun yi ta gini a cikin hanyar ruwa. A 2003 kogin ya tumbatsa ya shiga unguwannin da ke gaɓarsa, dubban mutane suka rasa matsuguni, an kuma sake ganin irin haka a 2012. Da ruwa ya janye sai aka koma aka ɗora bulo a inda aka tsaya.

Bayan garin Kaduna sai Tubo ta shigo daga arewa. Daga nan kogin ya shiga ƙasa mai duwatsu, ya riƙa ratsa ƙunci yana gudu da ƙarfi. Wannan ƙunci shi ne arzikin lantarki. A Shiroro, cikin Jihar Neja, inda Sarkin Pawa da Dinya ke zuba, an gina madatsar da ta fara aiki a 1990, mai ƙarfin megawat 600. A ƙasa da ita kuma, kusa da Zungeru, an fara wata a 2013 da rancen ƙasar Sin, aka gama a 2023, mai megawat 700. Ruwa guda ke juya injinan biyu, wanda ya fito daga Shiroro shi ne zai isa Zungeru. Akwai bambanci babba tsakanin waɗannan da Kainji da Jebba. Kwara daga ƙasar Gini take tasowa, tana kawo ruwa har cikin rani saboda nisan tafiya. Kogin Kaduna kuwa ba shi da wani ruwa sai na daminar gida. In damina ta gaza a Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Zazzau, ba inda za a ranto, a ƙarshen rani tafkin Shiroro zai ja baya, wuta ta ragu a garuruwan da ba su taɓa jin sunan Kauru ba.

Mariga, babban reshe na ƙarshe, daga wajen Birnin Gwari take gangarowa ta sadu da shi a cikin Jihar Neja. Daga Wushishi zuwa ƙasa duwatsu sun ƙare, kogin ya baje cikin fadamun Nufe, ya wuce ƙarƙashin gadar Wuya a kan hanyar Bidda zuwa Mokwa. Nan ne ƙasar shinkafa da rake da kifi. A Muregi, daura da Fategi, ya shiga Kwara. Muregi kuwa ita ce mazaunin Kuta, shugaban Kede, Nufawan ruwa waɗanda jiragensu suka daɗe suna riƙe da sufurin wannan yanki tun kafin zuwan Turawa.

Gurara da ƙishirwar Abuja

Gurara ba ta kai Kaduna girma ba, amma a yau ba ta gaza shi muhimmanci ba. Rafukan ƙasar Kaciya da Jaba da Kagarko su ne ke haɗuwa su yi ta. Ta wuce ta Jere, ta shiga Jihar Neja inda take faɗowa daga kan dutse a wurin shaƙatawar nan da ke kusa da hanyar Suleja zuwa Minna, ta ratsa yammacin yankin Babban Birnin Tarayya, ta shiga Kwara arewa da Lakwaja.

Lokacin da aka tsara Abuja, madatsar Usuma aka gina mata cikin shekarun 1980. Birnin ya girma fiye da yadda aka zata, Usuma ta kasa. Sai Gwamnatin Tarayya a zamanin Shugaba Obasanjo ta juyo ga Gurara. Aka datse ta a cikin Jihar Kaduna, aka yi tafki mai ɗaukar ruwa mita miliyan 880 na awon ɗaki, watau tsawo da faɗi da zurfi, aka binne bututu mai faɗin mita 3 da tsawon kimanin kilomita 75 har zuwa tafkin Usuma. An kuma haɗa da injinan lantarki na megawat 30 da filayen noman rani. Wani abin lura shi ne, Usuma kanta reshen Gurara ce. Ruwan da aka karkatar ta bututu, in Abuja ta sha ta yi wanka, sauransa ta Usuma zai bi ya koma wa uwarsa a can ƙasa, sai dai ba da tsabtar da ya fita ba.

Garuruwa da gonaki sun nutse a ƙarƙashin tafkin, kuma an yi shekaru mutanen da aka tasa suna kuka a kan diyya da matsuguni. Wannan ba sabon abu ba ne, haka aka yi a Kainji da Shiroro da Zungeru. Amma yana da nauyi a ce mai buɗe famfo a Maitama yana shan ruwan ƙasar Kaciya, alhali a ƙauyuka da yawa na ƙasar da ruwan ya fito, mata da yara ne ke sammako da bokiti zuwa rafi ko rijiyar burtsatse.

Abin da rafukan suka ɓoye

Tsakuwar gindin rafukan nan tana ɗauke da kuza, wadda ruwa ya wanko daga duwatsu shekaru aru-aru. Masu haƙar kuza ne a 1928 suka tono wani ɗan kan mutum-mutumi na yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba. Ba a ba abin muhimmanci ba sai a 1943, da aka kai wa Bernard Fagg wani kai da aka samu a ƙasar Jama'a, ya ga kamanninsu ɗaya. Daga nan duniya ta san al'adar Nok. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya a 2005 ya nuna mutanen nan sun zauna a yankin tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, daga baya kuma suka iya narkar da tama. Ashe kwarurukan nan sun ciyar da mutane fiye da shekara 3,000.

Kuzar da ta tono tarihi ita ce kuma ta fara ɓata ruwa. A kan tudun Jos kamfanonin Turawa sun yi shekaru suna wanke ƙasa da ruwa don fitar da kuza, laka tana bin rafuka, ciki har da mafarin Kogin Kaduna. Kududdufan da suka bari suna nan har gobe. Manyan kamfanonin sun tafi, amma masu haƙa da diga da shebur ba su daina ba, a Filato da kudancin Kaduna duka.

Bakin rafi kuma ba kullum ne wurin lafiya ba. Ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, a inuwar kurmi yake zama. A ƙarshen shekarun 1930 cutar ta yi tsanani a ƙasar Ancau, cikin kwarin Galma, har gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka sare itatuwan bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Maganin ya yi aiki a zamaninsa, ko da yake sarar kurmi aka koya wa mutane da sunan lafiya. Ɗaya cutar ita ce makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu kan duwatsu ke yaɗawa. Akwai ƙauyukan da aka san su da yara masu jan manya da sanda, akwai kuma fadamu masu kyau da aka guje wa saboda ita. A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, aka riƙa rabawa gida-gida shekara-shekara. Wani bincike da aka buga a 2012 a kan ƙauyukan Birnin Gwari da Kauru da Lere ya nuna bayan fiye da shekara 15 ana shan maganin, ba a sami ƙwayar cutar a jikin waɗanda aka gwada ba. Wannan nasara ce da ba a yi mata shelar da ta kamata ba.

Kowa ya gangaro bakin ruwa

Da tsando ya ragu, makanta ta kau, jama'a kuma ta ninka, sai bakin rafi ya zama wurin da kowa ke so. Manomi yana son fadama don shinkafa da rake da kayan lambu, musamman tun da injin ban ruwa ya yi araha cikin shekarun 1990. Mai citta yana son sabuwar ƙasa, citta kuwa ita ce kuɗin Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a, yankin da ya fi ko'ina noma ta a Nijeriya. Da cutar ruɓa ta faɗa wa cittar a daminar 2023 ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, mutane da yawa ba su da abin sayarwa sai itace. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin titi daga Kwai zuwa Keffi, da daga Kaciya zuwa Kaduna, ɗorawa ce da kaɗanya da maɗaci. Masu tifa kuma suna kwasar yashi daga cikin rafuka don gine-ginen birane, gaɓa tana zaftarewa.

Makiyayi shi ma nan yake zuwa. Tun da can Fulani kan gangaro wannan yanki da rani saboda ciyawa da ruwa, waɗansu kuma sun zauna tun kaka da kakanni. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi a keɓe wurare, daga cikinsu akwai Ladduga a ƙasar Kaciya. Amma burtalin da ke kai shanu mashaya, wanda a da daji ne a gefensa biyu, yau gonar tumatir ce ko ta rake. Ba wanda ya san kudancin Kaduna da zai ce rikice-rikicen da aka sha, tun daga na Kafancan a 1987 da na Zangon Katab a 1992 har zuwa na 2011 da waɗanda suka biyo baya, a kan ruwa kawai aka yi su. Akwai addini a ciki, akwai sarauta, akwai siyasa da tsohon ƙulli. Amma duk mai unguwa da duk arɗo ya san a wane wata ƙararrakin ɓarna suka fi yawa, kuma ya san a bakin me ake yin su. Rafin da a da yake kai wa ga sabuwar damina, in ya fara yankewa a Fabrairu, mutum biyu ne za su tsaya a kan kududdufi guda.

Sarar kurmi tana da lissafi mai sauƙi. Ruwan da ba a riƙe shi a bisa ba, a rana ɗaya zai gangara, ya ɗebi ƙasar gona ya tafi da ita. Da damina ya zama ambaliya a Kaduna da fadamun Nufe, da rani ya zama rashi. Ƙasar da ya ɗeba kuma ba ɓacewa take yi ba, a gindin tafkin Kangimi da Shiroro da Gurara take kwanciya, tana cin wurin da aka gina da biliyoyin naira domin ruwa. Madatsa ba ta haifar da ruwa, abin da aka aiko mata daga bisa shi take ajiyewa.

Wa ke da alhakin bisan? A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kwarin koguna guda 11, da nufin a riƙa duban kowane kogi daga kansa har wutsiyarsa. Amma iyakokin aikinsu sun fi bin iyakokin jihohi. Jihar Kaduna tana ƙarƙashin hukumar da ke Minna, mai kula da sashen Kwara na bisa, har da ƙasar Jama'a wadda ruwanta Binuwai yake zuwa. Filato kuwa tana ƙarƙashin hukumar da ke Makurɗi, mai kula da Binuwai ta ƙasa, har da Vom inda Kogin Kaduna ya fito, wanda ko ɗigonsa ba ya zuwa Makurɗi. Dazuzzuka na gwamnatin jiha ne, ma'adinai na tarayya, tashoshin lantarki an ba kamfanoni haya, gonar bakin rafi kuma a hannun iyali da dagaci take. Ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, cikin Kaduna, tun 1979 tana horar da ma'aikata, ilimin ba shi ne ya yi ƙaranci ba.

A waɗansu ƙasashe an gwada wata dabara, mai shan ruwa a ƙasa ya biya mai tsare daji a bisa. Birnin New York na Amurka ya yi haka cikin shekarun 1990, ya ga biyan manoman duwatsun da ruwansa ke fitowa su kiyaye rafuka ya fi masa araha bisa gina sabuwar matatar ruwa. Nairobi ta Kenya ta bi sahu a 2015 a kan Kogin Tana. Ba abin da zai hana a ware wani ɗan kaso daga kuɗin wutar Shiroro da Zungeru da kuɗin ruwan Abuja a mai da shi ga dagatai da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya a Kauru da Kaura da Zangon Katab da Jaba da Kaciya da Jama'a, bisa sharaɗin a bar 'yan mitoci a kowace gaɓa ba sara ba noma, a shata mashaya, a dasa gora da tukurwa da kwakwa, waɗanda dama suna da kasuwa. Gwamnatin Jihar Arewa ta dasa dajin Nimbiya a wannan yanki tun 1957, itatuwan kuma sun yi girma har an ci katakonsu, saboda haka ba a tambayar ko ƙasar za ta karɓi dashe.

A 2019 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da neman rancen dala biliyan 1 domin gina madatsa ta biyu a kan Gurara, a can ƙasa cikin Jihar Neja. Ita ma ruwan da za ta tara daga rafukan Kaciya da Jaba da Kagarko zai fito.